Tsatsar Fijon Inno

Nafi'u ya dawo daga aikinsa a sakatariyar Roni da yamma, ya jingine babur a zaure, ko takalmi bai cire ba matarsa Bahijja ta ce masa Inno na nemansa tun ɗazu.

Inno mahaifiyarsa ce. Sunanta Halimatussa'adiyya, amma babu mai kiranta haka. 'Ya'yanta Inno suke cewa, mutanen gari kuma Sista, domin ta yi aikin unguwar zoma a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura har ta yi ritaya. Daga baya hawan jinin ido ya cinye ganinta a hankali, yanzu haske da duhu kawai take bambancewa. Ga kuma ciwon suga. Nafi'u ne ke ɗiga mata magani a ido safe da yamma, shi ke kai ta asibiti, shi ke bin layin karɓar magani. Yayarsa Sadiqa tana aure a Dutse, nata taimakon ta waya yake zuwa, yawanci kuma umarni ne.

Ya durƙusa a gefen tabarmarta ya gaishe ta.

Ta ce, "Sannu da hanya. An yi waya daga Gwiwa. Hamma ya daina fita masallaci, ƙafafunsa sun kumbura."

Hamma yayanta ne, shi kaɗai ya rage mata cikin waɗanda suka fito ciki ɗaya. Yana zaune a wata ruga kusa da Gwiwa, yana noma da ɗan kiwo.

"Allah ya ba Kawu lafiya. Ranar Asabar sai in aro mota mu je."

"Kada ka aro. A tawa zan je."

Motar da take nufi wata farar Fijo 504 ce da ta saya tun Nafi'u yana goye. Da ita ta riƙa shiga ƙauyuka, ita da kanta a kan sitiyari, a lokacin da mace mai tuƙi abin kallo ce a ƙasar Kazaure. Tun da idon ya fara ba ta matsala aka tura motar bayan gida, ƙarƙashin wata rumfar kwano mai yoyo. Tayoyin sun kwanta, kaji sun mai da rufinta wurin kwana.

"Inno, motar nan ta daɗe ba ta motsa ba."

"Na sani. Amma a motar mutane ni kaya ce, a ɗora ni, a sauke ni. Ban san inda mariƙin ƙofa yake ba, ban san nisan ƙasa ba in zan sauka. Wannan kuwa babu abin da hannuna bai sani ba a cikinta. Ka duba mini ita."

Ya so ya ce ya gaji. Ya ce, "To, Inno."

Abin mamaki, injin bai ba da wahala ba. Wani tsohon bakanike ya zo ya sa batir, ya wanke tanki, ya canza mai da fulogi, motar ta yi tari ta yi tari ta tashi. Inno na jin ƙarar daga tsakar gida ta ce a bar ta ta ɗan jima tana yi. Aka samo tayoyi na hannu aka sa, aka gyara birki. Nafi'u ya ɗauka aiki ya ƙare, saura wanki da ɗan fenti, shi ya sa ya kira Mamuda, abokinsa tun firamare, wanda yake walda da gyaran jikin mota a bakin hanyar Daura.

Mamuda ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa. Ya tsuguna a wajen dokin ƙofa, wato dogon ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofofi wanda ake tsallakawa a shiga. Ya ga fentin ya ɗan kumbura a wani wuri. Ya ɗora sukundireba ya danna kaɗan, sai ta shige har mariƙi. Da ya zaro ta, jan gari ya biyo baya ya zubo ƙasa.

Ya ce, "Fenti ne kawai ke riƙe da ita a nan. Tsatsar daga ciki ta fara. Abin da muke gani a waje ƙarshenta ne."

"Ba za a shafe wurin a fesa fenti ba? Gwiwa kawai za mu je mu dawo."

"Zan iya. Amma kujerar da Inno za ta zauna a kan wannan ƙarfen take, kuma ka san hanyar rugar. Bari mu buɗe mu gani."

Inno ta ƙi yarda a kai motar gareji. Ta ce duk motar da ta kwana a gareji sai an rasa wani abu a jikinta. Don haka Mamuda ya riƙa zuwa Asabar da Lahadi da tukunyar gas da kayan aikinsa a adaidaita-sahu, shi da Nafi'u su shiga rumfa. Lokacin tsakiyar bazara ne, kwanon rumfar kamar tanda.

Suka cire kujeru, suka ɗaga shimfiɗar ƙasa, suka tarar da daɓen ɓangaren direba ya yi laushi kamar busasshen ganye. A cikin but, ramin da tayar safaya ke zama ya huje, domin marigayi mahaifin Nafi'u ya yi shekaru yana ɗaukar takin zamani a ciki zuwa gona. Waɗannan duk masu sauƙi ne, ido na ganinsu, hannu na kai musu. Mamuda ya yanke mataccen ƙarfe, ya auna sabon fallen ƙarfe ya liƙa da wuta, Nafi'u ya goge da samfefa ya shafa jan fenti.

Wahalar tana cikin wuraren da aka rufe tun daga masana'anta. Dokin ƙofa cikinsa rami ne kamar bututu. Haka ƙarafan shasi da ke ɗauke da motar ta ƙasa, haka ginshiƙan da ke riƙe da rufi. Mamuda ya huda ƙananan ramuka, ya kwance wayar birkin babur ya barbaza bakinta ta zama kamar tsintsiya, ya ɗaura ta a injin huda ƙarfe, suka riƙa zura ta ciki tana juyawa tana kankaro tsatsa. Sai a busa iska, garin ya fito ya cika musu ido da hanci. Nafi'u yakan kwanta rigingine a ƙarƙashin motar yana haska tocilar waya a jikin guntun madubi, yana ƙoƙarin hango abin da ke bayan lanƙwasa. In ya tashi, bayansa ya ƙage, kaki ja, gashin kai ja. Ranar Litinin kuma ya hau babur ya tafi Roni da hannaye duk ƙuje.

Duk inda suka buɗe sai su tarar da wani wurin a bayansa. Nafi'u ya daina tambayar Mamuda yaushe za a gama.

Sai aka zo kan ƙofofi. Suka cire marfin ciki, suka ga a ƙasan kowace ƙofa akwai kwari siriri inda ruwan da ya bi gilashi yake taruwa ya fita ta wasu 'yan ƙananan hudoji. Zanzaro ya gina gidajensa na laka a ciki ya toshe su, ruwan daminar shekaru ya kwanta a wurin. Tagar da za a zura hannu ƙarama ce, ga ƙarafan ɗaga gilashi sun tare hanya. Hannun Mamuda ko wuyan hannu bai wuce ba. Na Nafi'u ya shiga har gwiwar hannu ya maƙale, sai da aka shafa sabulu ya fito. Wayar birkin kuma ba ta kaiwa kusurwa.

Suna zaune suna kallon ƙofar sai suka ji sandar Inno. Kullum tana zaune a bakin rumfa a kan kujera 'yar tsugunno tana sauraron aikin, amma ba ta taɓa matsowa ba.

Ta ce, "Mamuda, kama hannuna ka nuna mini ramin."

"Inno, wurin akwai kaifi."

"Nuna mini dai."

Ta cire zobe da awarwaro ta miƙa wa Nafi'u, ta naɗe hannun riga har kafaɗa. Hannunta siriri ne, tsufa ya ƙara sirantar da shi. Ta zura shi a hankali, ta karkata kafaɗa, ta kauce wa ƙarfen gilashi kamar tana ganinsa, har kuncinta ya jingina da jikin ƙofar. Yatsunta suka riƙa tafiya a ciki.

"Ga laka nan a kusurwa, ta yi tauri. Daga nan zuwa tsakiya ƙarfen da sauransa, kaushi ne kawai. Amma ta wajen baya yana ɓarewa, farcena na shiga. Ba ni cokali."

Aka kawo tsohon cokalin shayi. Ta kankare lakar ta riƙa fito da ita kaɗan-kaɗan, ta lalubo hudar ruwan ta buɗe ta da tsinke. Aka ba ta guntun burushin waya ta goge kwarin. Mamuda yana da wani ruwan magani a jarka wanda in aka shafa wa tsatsa yake mai da ita baƙa ta daina ci, amma ya rasa yadda zai kai shi kusurwa. Inno ta aiki Bahijja ta ɗauko mata babban sirinji da robar ƙarin ruwa a tsohuwar jakarta ta aiki. Ita ta riƙe bakin robar a ciki tana bin kwarin da shi, Nafi'u yana danna sirinjin daga waje.

Ranar ta ci abinci da yawa, ta yi hira har da dariya. Ta ba Mamuda labarin wata damina da Fijon ta kafe a rafi a hanyar Babura, ga mai naƙuda a kujerar baya, aka karɓi haihuwar a nan cikin mota kafin shanu su jawo su. Nafi'u ya daɗe bai ji muryarta haka ba.

Suka gama ƙofa ta farko da ta biyu. A ta uku, tana cikin gogewa sai ta tsaya.

Ta ce, "Na yanke."

Ta zaro hannun. Tsagar tana gefen tafin hannu, ba ta da tsawo amma ta yi zurfi, baƙin gari ya shiga ciki. Ita ta gaya musu abin da za su yi, a wanke da ruwa mai yawa da sabulu, a danne da tsumma mai tsabta, a kai ta a yi mata allurar tetanas. Nafi'u ya ɗauke ta a adaidaita-sahu zuwa asibiti. Aka ɗinke, aka yi allurar. Ma'aikaciyar da ta ɗaure hannun ta dube shi ta ce mai ciwon suga ba ta wasa da rauni, ya sani ai. Ya ce ya sani.

Kafin su iso gida labari ya kai Dutse. Sadiqa ta kira.

"Nafi'u, kana da hankali kuwa? Tsohuwa, ba ta gani, ga suga, ka sa ta aikin gareji?"

"Yaya, ita ta ce za ta yi."

"In ta ce za ta hau bishiya sai ka kawo mata tsani? In hannun nan ya ruɓe me za ka ce wa mutane? Ka sayar da gwangwanin nan ga masu jari-bola kowa ya huta."

Yana tsaye a zaure, wayar a kunne, yana kallon farcensa da tsatsa ta rina. Akwai maganganu da yawa a bakinsa, game da layin asibiti da hanyar Roni da wanda yake tashi in Inno ta yi kira. Amma sai ya ce, "To, Yaya, na ji." Ta ci gaba da faɗa har katin wayarta ya ƙare.

Raunin bai ruɓe ba, amma ya ƙi warkewa da wuri. Ya kumbura, ya yi ruwa, sai da aka riƙa kai ta wanki kullum. Aikin mota ya tsaya. Ana cikin haka aka sake waya daga Gwiwa, ɗan Hamma ne, ya ce tsohon ya daina cin abinci, kuma yana yawan ambaton ƙanwarsa.

Nafi'u ya je ya zauna a gabanta. Bai san yadda zai fara ba, sai ita ta riga shi.

"Motar ba za ta gamu a makon nan ba ko?"

"Ba za ta gamu ba, Inno. Ko a wata mai zuwa ban sani ba."

Ta shafa bandejin da ɗaya hannun. Ta ce, "Aro ta mutanen."

Maƙwabcinsu ya ba da motarsa, wata doguwa mai tudu. Sai da Nafi'u da Bahijja suka ɗaga Inno suka sa ta a ciki, ta zauna a takure, hannunta na laluben inda za ta riƙe. Haka ta zauna har Gwiwa. A rugar aka sauke ta aka kai ta ɗakin Hamma. Ta zauna a bakin gadonsa ta lalubo ƙafafunsa ta danna, ta kama wuyan hannunsa tana jin bugun jininsa. Suka yi magana da Fillanci ƙasa-ƙasa, wanda Nafi'u ba ya ji sosai. Da la'asar ya ce su tafi, ta ce shi dai ya tafi, ita tana nan. Akwai ƙaramin asibiti a Gwiwa, jikokin Hamma za su riƙa kai ta wankin hannu. Ya nuna wa ɗaya daga cikinsu yadda ake ɗiga maganin ido, ya dawo shi kaɗai.

A ransa ya gama da Fijo. Wadda ake yi dominta ta riga ta je inda za ta. Asabar ta zo ya yi kwanciyarsa, sai ga sallamar Mamuda a ƙofar gida.

Nafi'u ya fito ya ce, "Mu bar ta haka, Mamuda. Na gaji."

Mamuda ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda hadari ya fara haɗuwa.

"Ni ma na gaji. Amma mun kankare ta, mun huda ta, ƙarfen tsirara yake. In damina ta same ta a haka, abin da ta yi shekaru tana ci a hankali za ta cinye shi kafin kaka. Da mun san ba za mu gama ba, da ba mu taɓa ta ba. Ko dai ka kira masu jari-bola yau, ko mu rufe ta."

Nafi'u ya koma ciki ya sa tsohuwar rigarsa ta aiki.

Ragowar ƙofofin biyu da waya da tsumma suka yi su, iya inda suka iya kaiwa. Sun san ba su yi kyan na Inno ba. Suka bi duk ramukan da ruwan magani, suka bari ya bushe. Mamuda ya narka giris a cikin man inji a kan gawayi, suka ɗura a famfon feshin gona, suka ɗaura robar ƙarin ruwan a bakinsa, suka zura ta cikin dokin ƙofa da shasi da ginshiƙai suna fesawa suna janyowa a hankali, har mai ya riƙa ɗiga ta kowace huda. Suka toshe ramukan da suka huda da roba. Ruwan farko ya sauka suna cikin mayar da kujeru, yoyon rumfar na zuba a bayan Nafi'u. Washegari ya hau ya canza kwanon da ya huje.

Ba a yi mata fenti gaba ɗaya ba. Ta fito fara da jajayen faci a ƙasa, kamar mai fama da ƙuraje. Mamuda ya ce kafin kowace damina sai an sake fesa man nan, kuma akwai wani wuri a bayan injin da bai yarda da shi ba, amma sai an sauke injin za a kai gare shi. Nafi'u ya ce a bar wannan tukuna.

Hamma ya rasu gero na kai gwiwa. Nafi'u ya je jana'iza a kan babur, domin ranar Fijon na wajen mai gyaran lantarki. Sadiqa ta zo daga Dutse ta yi gaisuwa ta koma, ba su yi maganar mota ba. Sai da aka share makoki Inno ta aiko cewa a zo a ɗauke ta.

Ya tafi da Fijon. Tana tafiya da nauyi, sitiyarin da tauri, warin mai ya cika cikinta saboda zafin rana. A rugar yara suka kewaye ta, wasu tsofaffin mata suka fito suka tsaya suna kallo, ɗaya ta ce ita dai ta san motar nan, a cikinta aka kai ta Kazaure lokacin haihuwarta ta fari.

Aka fito da Inno. Ta rame, hannun ya warke ya bar baƙin tabo. Ta saki jikar da ke riƙe da ita, ta taɓa rufin motar, ta gangaro da hannu ta kama mariƙi ta buɗe, ta shiga ta zauna ta ja ƙofa. Aka sa ƙullin kayanta da jarkar nono a kujerar baya.

Sun fita daga rugar sun hau titi kafin ta yi magana.

"Kun cika mata mai. Warin har cikin kaina."

"Zai ragu, Inno. Bari in sauke gilashi."

"Ƙofar bayan nan ta hagu, kun buɗe hudar ruwanta?"

"Mun buɗe ɗaya. Ɗayar ba mu kai gare ta ba."

Ta gyaɗa kai. Gonaki suka yi ta wucewa kore shar, duwatsu na tasowa ta gefen hanya. Nafi'u ya ji idanunsa na rufewa. Ya murza su, ya gyara zama. Can motar ta ɗan sauka gefen titi, tayar ta ci tsakuwa, ya yi sauri ya dawo da ita.

Inno ta ce, "Barci kake yi."

"A'a, Inno."

"Na ji yadda ta karkata. Nemi inuwa ka tsaya."

Kafin Roni ya ga wata tsamiya a gefen hanya, ya sauka ya tsaya a ƙarƙashinta ya kashe injin. Shiru ya sauka, sai ƙarar ƙarfen da ke hucewa da muryar masu noma daga nesa. Ya ce zai ɗan wanke fuska kawai su ci gaba.

Ta ce, "Akwai maɓalli a gefen kujerar, ta hannun hagunka, ƙasa. Ja shi ta kwanta."

Ya lalubo ya ja, kujerar ta koma baya. Inno ta ciro carbi daga jakarta ta ɗora hannu a kan taga.

"Kwanta. Babu mai jiranmu. In na ji kiran la'asar zan tashe ka."

Ya cire hula ya ɗora a fuska. Bai san lokacin da barci ya ɗauke shi ba.